Tukwanen da Ke Jiran Amsa

Yaran unguwarmu a cikin birnin Kano, a shekarun 1990, ba su saba a saya musu abin wasa ba. Kowa shi ke ƙera nasa. Da kaka, in an sare dawa, sai mu tara kara mu feƙe, mu yi motoci da jiragen sama da tabarau. Da rani kuma sai gwangwanin madara da na kifi, a fasa a miƙar, a yanko tayu daga tsohon silifa. Wanda ya fi kowa daraja a cikinmu shi ne wanda motarsa ke da fitila mai kamawa: ƙwan tocila ɗaya, waya biyu, da tsofaffin batura da aka shanya a rana don su ɗan farfaɗo. Akwai kuma majigin kwali. A sami babban kwali, a yanke gabansa a liƙa farar takarda, a kunna aci-bal-bal a baya, a yanko mutane da dawakai na takarda a soke su a tsinke. Mai majigi na motsa su yana yi musu murya, 'yan kallo na tsugune a ƙasa suna faɗa masa abin da suke so ya faru. In sun ce a sake dambe, sai a sake. A nan na fara sabawa da aikin da ba ya cika sai da sa bakin mai kallo.

Da na ɗan tasa, mahaifina ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, don in riƙa zama in an taso daga makaranta. Baba muke ce masa. Shagonsa cike yake da rediyoyi da kaset da talabijin waɗanda masu su suka kawo suka manta. A wurinsa na koyi riƙe ƙarfen dalma, da karanta launukan da ke jikin razisto, da gwada kafasita da mita, da gane ƙonanniyar ayisi tun daga warinta. Amma darasin da ya fi nanata mini bai shafi waya ba. In mutum ya kawo gyara, Baba ba ya taɓa sukundireba sai ya gama jin labari: yaushe ta fara, da safe take yi ko da dare, faɗuwa ta yi ko ruwa ya taɓa ta. Yakan ce mini, "Ɗana, kafin ka kwance rediyo, saurari mai ita. Shi ya kwana da ita, shi ya san inda ke mata ciwo."

Zuciyata kuwa tana ga zane. Haka na ƙare a Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Duk wanda ya shiga wannan fanni a can, abin da za a fara sanar da shi shi ne gidan da ya shigo yana da tarihi. A 1958, tun makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, kafin a kafa jami'ar a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce. Matsayar ɗaliban ita ce a ɗauki dabarun da aka zo da su daga waje, a haɗa da gadon da kowa ya taso da shi a gida, har a sami abin da yake namu. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Mu da muka zo bayan fiye da shekara hamsin, in mun shiga cikin birnin Zariya muka ga adon bangon gidaje da ginin masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya yi a ƙarni na 19, sai mu ji tambayar tana nan daram: kai me ka kawo daga gida?

Mahaifina bai hana ni karatun ba, amma ya nuna mini damuwarsa a kan sassaƙa surar mai rai, kuma na girmama wannan damuwa, don ni ma tawa ce. Sai na zaɓi ginin tukwane. A Zariya wannan fanni da na saƙa da rini suna sashe guda, maƙwabcin sashen zane da sassaƙa. Na ji daɗin yumɓu. Muna da abin koyi a gabanmu, Ladi Kwali, wadda a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta tafi da hannun Gwari cikin sabuwar dabarar gashi, har hotonta ya hau takardar naira 20. Na ɗauka na bar ƙarfen dalma ke nan har abada.

Abokin ɗakina ɗalibin injiniyan lantarki ne. Wata rana, wajen 2012, ya dawo hutu da wani ɗan shuɗin fanel wanda bai cika tafin hannu ba. Ya ce sunansa Arduino. Ya jona shi da kwamfutarsa, ya rubuta layi kaɗan, sai wata 'yar fitila da ke jikin fanel ɗin ta fara ƙyaftawa. Ya canza lamba ɗaya, ƙyaftawar ta ƙara sauri. Daga nan ya sa wani ɗan ma'aunin haske, ya ce in rufe shi da hannu. Na rufe, fitila ta kama. Na ɗaga, ta mutu. Na daɗe ina yi. A shagon Baba, in kana son na'ura ta canza hali sai ka narka dalma ka sauya kaya. A nan kuwa magana kake sauyawa, kayan na nan yadda suke.

Abin da ya ƙara ja na shi ne da na ji asalin abin. An ƙirƙire shi a 2005 a wata makarantar koyon ƙira da ke Ivrea, wani gari a arewacin Italiya da aka sani da kamfanin Olivetti mai keken rubutu. Ɗaliban makarantar masu zane ne da masu ƙira, ba injiniyoyi ba, kuma fanel ɗin da suke amfani da shi kafin nan, BASIC Stamp, yana cin kusan dala 100. Wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya yi aikin kammala karatunsa a kan sauƙaƙa wa masu zane sarrafa lantarki, ya sa masa suna Wiring. Shi kuma ya gina ne a kan Processing, manhajar da Casey Reas da Ben Fry suka fara a 2001 a jami'ar MIT ta Amurka don masu zane su iya zana abu da umarnin kwamfuta. A kan wannan tushe Massimo Banzi da David Cuartielles da abokan aikinsu suka fitar da Arduino a kan kusan dala 30, suka kuma saki zanen ƙirarsa kyauta, kowa ya kwaikwaya. Shi ya sa kwafinsa na Sin ya iso hannun ɗalibi a Samaru da araha. Wato ɗalibai irina aka yi wa shi, kuma aikin ɗalibi ne tushensa.

Irin da muka samu shi ne Uno, wanda ya fito a 2010. Yana da ƙafa 14 da ke gane kunne ko kashe, da wasu 6 da ke auna yawan wutar da ta shigo su mayar da ita lamba daga 0 zuwa 1023. Bolt 5 yake ci, daidai da abin da cajar waya ke bayarwa. Aikinsa uku ne: ya ji, ya yanke shawara bisa umarnin da ka rubuta, ya aikata. Yana gamawa ya koma farko, ba ya gajiya.

Muka shiga zama a shagon intanet muna kallon abin da wasu suka yi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne madubin katako na Daniel Rozin, malami a sashen fasahar mu'amala na Jami'ar New York, wanda ya yi a 1999. Guntayen katako 830 ne, kowanne da ɗan injinsa a baya, da ƙaramar kyamara a tsakiya. In ka tsaya a gabansa, guntayen su karkata, wasu su kama haske wasu su yi duhu, sai ga kamanninka a jikin itace. In ka tafi, bango ne kawai. Abokina kuma ya nuna mini wani hoto a littafin da Dan O'Sullivan da Tom Igoe suka wallafa a 2004, inda aka zana mutum yadda kwamfuta ke ganinsa: ido da kunne da yatsa, ba sauran jiki. Manufarsu ita ce a ƙera na'urorin da za su san cewa mutum yana tafiya, yana zama, yana sunkuyawa, yana ɗaga murya.

Wani malaminmu da ya ga inda hankalina ya karkata, sai ya ja ni baya da shekara dubu. Ya ba ni labarin Banu Musa, 'yan'uwa uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, waɗanda suka rubuta Kitabul Hiyal a Bagadaza a ƙarni na 9, mai ɗauke da na'urori kusan 100, har da fitilar da ke ƙara wa kanta mai tana tura lagwaninta. Ya kuma ambaci Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa a 1206, da agogunansa na ruwa da na'urorin zuba ruwan wanke hannu. Da yawan na'urorin Banu Musa tuluna ne da tasoshi masu ba mai amfani da su mamaki. Ni da ke gina tukwane, wannan ya shige ni sosai. Amma malamin bai bar ni da murna kawai ba. Ya ce, "Ka tambayi kanka abu biyu. In an cire wayoyin, me ya rage? In an cire tukwanen, me ya rage? In kowanne zai iya tsayawa shi kaɗai, to ba ka haɗa komai ba, ajiye su ka yi kusa da juna." Na ce, "Malam, to me zai ɗaure su?" Ya ce, "Wanda zai shigo ɗakin."

Amsar ta zo mini daga gida. Kakata ta wajen uwa gwanar tatsuniya ce, kuma tana da doka: in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ba ta ƙara ko kalma ɗaya sai an ce "Ta zo mu ji ta." In ba a amsa ba, takan sake faɗa sau ɗaya, daga nan ta ja bakinta ta yi shiru. Sai na ga ai ga aikin nan a shirye: tukwanen da za su buɗe tatsuniya, su jira, ba za su ci gaba ba sai an amsa.

Mu uku muka haɗu a kai: ni, da abokin ɗakina, da wata 'yar sashenmu da ke ɓangaren saƙa da rini. Na tafi Kano da aron na'urar ɗaukar murya. Da na bayyana wa kaka abin da nake so, ta ce, "Maigidan, yanzu muryar tawa za ka zuba a tukunya?" Na ce, "I, Kaka, don waɗanda ba su da kaka a kusa su ji." Ta yarda, da sharaɗi ɗaya: ba a tatsuniya da rana. Don haka bayan sallar lisha muke ɗauka, ƙannena da 'ya'yan maƙwabta na zaune suna amsa mata, don ta ce ba ta iya yi wa ƙarfe tatsuniya. Ta ba mu ta Gizo da Ƙoƙi, da ta Gizo da Botorami, da ta Daskin-da-Riɗi. Sharaɗinta kuma ya bi mu har Zariya. Tunda baje kolin da rana za a yi, dole mu ƙirƙiri dare a cikin ɗaki. Daga nan aikin abokiyarmu ya samo matsayinsa: rufin sama na baƙin zane, rinin marinar Ƙofar Mata, da ƙananan fitilu ɗinke a jikinsa.

Neman kaya shi kansa makaranta ne. Abin da ake iya saye sabo kaɗan ne, kuɗinmu ma kaɗan ne. Sai muka bi kasuwar Panteka a Kaduna da layin masu kayan lantarki a Sabon Gari ta Kano. Lasifikoki daga matattun rediyoyi muka ciro, makirfo daga tsofaffin kaset. Uno ba shi da ƙarfin riƙe doguwar murya, don haka muka sayi ƙananan rediyoyi masu cin memori, irin waɗanda ake jin karatu da wa'azi da su. Baba ne ya nuna mana dabarar: a buɗe rediyon, a liƙa waya biyu a ƙarƙashin maɓallin kunnawa, a sa taransisto a tsakani, sai fanel ɗin ya riƙa danna maɓallin ba tare da yatsa ba. Bai taɓa ganin Arduino ba kafin ranar, amma da aka yi masa bayani sau ɗaya ya ce, "Ashe yaron shago ne, abin da ka sa shi shi yake yi." Wutar gari ba abin dogaro ba ce, ƙarar janareto kuma za ta rikita makirfo, sai muka ɗora komai a kan batirin babur mai bolt 12, muka sa abin rage wuta zuwa 5, muka ɗaura masa guntun alminiyam don ya sha zafi.

Abokiyarmu ta karanta labarin LilyPad, fanel ɗin da Leah Buechley ta fitar a 2007 wanda ake ɗinkawa a tufafi da zare mai ɗaukar wuta. Zaren ba ya samuwa a kusa. Sai ta warware siririyar wayar tagulla daga cikin tsohuwar taransifoma, ta zura a allura, ta yi ɗinki da ita yadda ake ɗinkin hula, tana kankare bakin wayar a duk inda za ta haɗu da ƙafar fitila. Ba ta ɓoye wayar ba, ta mai da ita ado, ta bi da ita ta fitar da dagi a tsakiyar zanen. Don hasken ya riƙa tasowa a hankali, abokina ya yi amfani da wata dabara: fanel ɗin na kunna fitilar yana kashewa kusan sau 490 a daƙiƙa, ido ba ya gani, sai dai gwargwadon daɗewar kunnawar ne ke sa haske ya yi ƙarfi ko rauni, mataki-mataki daga 0 zuwa 255.

Ni kuma nawa tukwane. A nan na ga amfanin tambayar malam. Lasifikar rediyo a fili muryarta siririya ce, amma in ka sa ta a cikin tukunya, iskar da ke ciki tana amsawa, muryar ta yi kauri. Faɗin ciki da ƙuncin baki su ke yanke irin amon da zai fito: babban ciki da ƙaramin baki na ba da amo mai zurfi. Na riƙa gina tukwane iri-iri ina gasawa, ina sa muryar kaka a ciki ina saurare, har na sami siffar da muryar ta fito kamar tana zaune a gefenka. Na fi son gashin gargajiya na matan da ke gini a ƙauyukan kewayen Zariya a kan mai sheƙi, don amonsa ya fi taushi. A karon farko na gina tukunya da kunne, ba da ido kaɗai ba.

Duk wannan mun koye shi cikin 'yan watanni. Abin da ya fi wuya shi ne mutane. Da farko mun sa na'urar da ke gane kusantowar mutum. Tana fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, ta jira ya bugi abu ya dawo. Da yake sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, mutumin da ke nesa da mita ɗaya amsarsa na dawowa cikin ƙasa da kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa. A takarda lissafin daidai yake. Da muka kira mutane gwaji, sai muka ga tana saurin gane mai ƙaramar riga, amma tana jinkiri a kan mai babbar riga da mai hijabi, domin yadi mai laushi da yalwa yana shanye sautin. Na'urar da ba ta ganin iyayenmu mata ba ta da wurin zama a aikin da muryar kaka ke ciki. Muka cire ta.

Gwajin ya nuna mana wani abu kuma. Da tukwanen na kan teburi, mutane na tsayawa nesa, hannu a baya, don an saba cewa kayan baje koli ba a taɓa su. Muka sauke su ƙasa, muka shimfiɗa tabarma a gaban kowacce. Nan take hali ya canza: mutum na ganin tabarma sai ya cire takalmi ya zauna, ba wanda ya ce masa. Sai muka mai da tabarmar kanta makunni. Faranti biyu na gwangwani, siririn soso mai huji a tsakani. In an zauna, soson ya lotsa, farantan su haɗu, fanel ya san an zo. Wannan bai damu da irin tufafin da ka sa ba.

Sai batun shiru. Makirfon ba ya gane kalma, ƙarfin sauti kawai yake aunawa. Muka sa fanel ɗin ya fara auna hayaniyar ɗakin, sannan ya ɗauki duk abin da ya ɗara ta a matsayin amsa. Amma yaushe kaka za ta ci gaba? In ta fara da an buɗe baki, ta katse mutum, sai ya ji an yi masa rashin ladabi. In ta daɗe, sai ya ɗauka abin ya lalace ya tashi. Muka koma kan ainihin ɗaukar da aka yi a gida, muka saurari yadda take yi da yara: tana bari su gama, ta ja numfashi, sannan ta fara. Wannan ɗan numfashin muka auna muka rubuta a cikin umarni. Mun fi daɗewa a kansa fiye da duk wani haɗin waya. Dokarta ta maimaitawa sau ɗaya ma mun sa ta: in ba a amsa karo na biyu ba, tukunya ta yi shiru har sai wani ya zauna.

A cikin ɗalibai an yi muhawara ta gaskiya. Wasu na ganin wannan aikin injiniyoyi ne, wasu na cewa abin da ke buƙatar batir ba zai daɗe ba, alhali tukunyar Nok ta haura shekara dubu biyu. Suna da hujja, kuma na ɗauki maganarsu da muhimmanci. Amsata ita ce tatsuniya ma ba ta daɗewa; ana faɗa ta wuce, abin da ke riƙe ta shi ne a sami mai faɗa da mai amsawa.

Ranar baje koli na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, don a lokacin na riga na gane cewa kallon mutane shi ne rabin aikin. Hausawa, manya da yara, ba su jira bayani ba. Da muryar ta fito, amsar ke kuɓuce musu, fitilun sama su taso a hankali, tatsuniya ta kama hanya. Makirfon zai karɓi tari ko tafi, amma ban ga wanda ya san amsar ya ƙi faɗinta daidai ba. Ɗaliban da suka zo daga Kudu da tsakiyar ƙasa kuwa, sai su zauna su yi shiru, tukunya ta maimaita. A nan 'ya'yan ma'aikata da suka cika ɗakin suka zama malamai, suna koya wa manyan ɗalibai abin da za su ce. Wasu daga cikin baƙin suka shiga gaya mana yadda ake buɗe tatsuniya a nasu harsunan, ashe da yawansu suna da irin wannan kira da amsa. Wannan ba mu tsara shi ba, kuma shi ne mafi kyawun abin da aikin ya haifar.

Mahaifina ya zo tare da Baba. Baba ya zagaya bayan tukwanen yana duba liƙin dalma, ya gyaɗa kai. Mahaifina ya zauna a tabarma, ya ji muryar surukarsa, ya amsa mata cikin ladabin da ya saba, ya saurara har ƙurunƙus. Da ya fito ya ce, "Wannan ba abin da zan ce sai Allah ya yi albarka." A takardar da muka liƙa a ƙofa mun rubuta sunaye biyar: mu uku, da kaka, da Baba. Har yau ina ganin wannan daidai ne, domin da babu ɗayansu da aikin bai tashi ba.

Aikin bai daɗe ba. An mayar da batirin ga mai babur, fanel ɗin ya shiga aikin kammala karatun abokina, tukwanen na rarraba wa 'yan'uwa. Abokin yanzu yana haɗa wutar sola a gidaje da asibitocin karkara. Abokiyarmu tana da wurin rini da ɗinki, tana koyar da 'yan mata. Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Muryarta na yawo a wayoyin jikoki da tattaɓa-kunne. Ni ina gina tukwane, ina kuma koyar da zane a makarantar sakandare.

A ajina, duk shekara nakan sa ɗalibai su yi aiki ɗaya da zai amsa wa mutum. Kayan sun fi na zamaninmu araha da samuwa, ƙaramin faifan sola ya raba su da neman batirin babur, kuma bayanin da muke biyan kuɗin awa a shagon intanet mu samu, yanzu yana cikin wayar kowa. Sharuɗɗana uku ne, kuma duk daga wancan aikin na samo su. Dole abin ya fito daga wani abu da suka sani a gida. Dole su je wurin mai gyaran waya ko rediyo ko mai walda su nemi taimako, su kuma rubuta sunansa tare da nasu. Dole kuma, kafin in ba da maki, su kawo wanda bai san komai a kan aikin ba, su tsaya gefe su yi shiru su ga abin da zai yi.

Sharaɗi na ukun shi ya fi ba su wuya, don kowa na son ya yi bayanin abin da ya ƙera. Amma nan ne ilimin yake. Yaron da ya taɓa ganin tsohuwa ta kasa amfani da abin da ya yi, ya koma ya gyara saboda ita, ya sami tarbiyyar da za ta bi shi ko injiniya ya zama, ko likita, ko mai mulki. Muna da yara masu hannu a kowace unguwa, muna da masu gyara a kowace kasuwa, muna da gadon ado da sauti da labari wanda ba a taɓa ko kashi ɗaya cikin goma nasa ba. Abin da nake roƙon makarantunmu shi ne su buɗe ƙofa tsakanin ɗakin zane da ɗakin kimiyya, su kuma buɗe wata tsakanin makaranta da kasuwa, sannan su koya wa yaro cewa aikinsa bai gama ba sai ya ga yadda ya zauna a hannun wani.